Ninjan Mararraba da Takardar Hajiya Tabawa

Ummata har yau cewa take yi kartun ne ya lalata ni. Matan unguwarmu a Anbariyya wasu sun ce aljani ne ya shige ni, wasu sun ce talauci. Duk ba su gane ba. Ba a taɓa kwana da yunwa a gidanmu ba. Baba yana aikin lodin kaya a filin jirgin sama, kuma abin da yake samu yana isar mu. Aljani ban taɓa ganinsa ba. Kartun ɗin kuwa duk yaran layinmu sun kalla, ni kaɗai na ƙare a kurkuku. Ni na miƙa hannu na ɗauki abin da na ɗauka a cikinsa. Da Hausa na cuci mutane, shi ya sa da Hausa zan faɗa, kuma ba zan yi ta zagaye-zagaye ba, ban iya ba.

A Madina aka haife ni, a nan aka haifi Baba. Kakata, wadda ta haifi Baba, ita aka zo da ita a goye. Iyayenta sun taso daga ƙasar Kano a ƙafa, suka bi ta Sudan, suka yi Hajji, ba su koma ba. A gidanmu Kaka takan yi magana da Hausa, mu amsa mata da Larabci. Ni dai da yake a ɗakinta nake kwana tun ina ƙarama, Hausar ta zauna mini a baki fiye da sauran. Ban ɗauke ta a bakin komai ba. A makaranta ba ta da amfani, a kasuwa ba ta da amfani. Ni yarinya ce mai zama a layin baya, ba ta ɗaya ba, ba ta ƙarshe ba, irin wadda malama takan kai rabin shekara ba ta riƙe sunanta ba.

Ina ƙaramar sakandare muka fara kallon wani dogon kartun na Japan da aka juya shi zuwa Larabci. Labarin 'yan ninja ne, masu tsalle a kan rufi da jifa da wuƙaƙe. Kowace yarinya ta zaɓi nata jarumin. Ni kuwa wanda ya kama mini zuciya kashi biyu kawai ya fito a cikin labarin gaba ɗaya. Ko suna ba su ba shi ba, "na mararraba" suke ce masa. Mugu ne, amma ƙaramin mugu, irin wanda ake sakawa don jarumi ya motsa jiki kafin ya haɗu da manya. Zama yake yi a mararrabar hanya cikin dajin gora, da malafa a kai, da ƙyalle a baki, idanunsa kawai ake gani. Ba shi da ƙarfi. Kunne gare shi. Idan matafiya suka nufo sai ya saurara kaɗan, ya kama yadda mutanen ƙauyensu suke magana, sai ya tashi ya gaishe su da harshen gidansu. A kashi na farko wani tsoho ya ɓata a dajin da ƙunshinsa a baya. Na mararraba ya kira shi kawu, ya karɓar masa ƙunshin, ya ce ya zauna a gindin bishiya zai je ya dubo hanya. Ya tafi ke nan. A kashi na biyu jarumi ya kashe shi da sara ɗaya, yana cikin yi wa abokinsa barkwanci. Aka sa kiɗa, aka wuce.

Na kalli kashi biyun nan a waya har na haddace. Na sayi littafin zanen da aka ciro labarin daga ciki, wanda ake buɗewa ta dama kamar namu na Larabci, don shafi goma sha wani abu da yake ciki. Na cika bayan littattafan makarantata da idanunsa. Abin da ya burge ni shi ne, mutumin da ba wanda yake kallo ya mai da rashin kallon nan makami.

Ina da shekara goma sha shida na raka Kaka Harami wata rana lokacin alhazai. Tana salla ina jiranta a farfajiya, sai ga wata tsohuwa cikin atamfar nan iri ɗaya da alhazan Najeriya suke sawa, tana tare mutane tana tambayar banɗaki da Hausa, ba mai gane ta. Na ce mata, "Iya, ga shi can, zo in kai ki." Wallahi sai ta riƙe hannuna da hannu biyu ta fara hawaye. A bakin wurin alwala ta cire jakarta ta miƙo mini, ba ta ko tambayi sunana ba. Na riƙe mata, ta fito, na ba ta abinta cif. Ta yi ta sa mini albarka. Amma a hanyar gida abin da yake kaina daban ne: ashe haka abin yake da sauƙi.

Karo na biyu kwalbar turare na zare. Ban ma so turaren ba, na ba wa ƙanwata. Karo na uku carbi mai kyau. Daga nan waya, daga nan jakar kuɗi. Akwai wata mata a unguwar Azizya mai karɓar wayoyi ba ta tambayar daga ina. Na gama sakandare, aka ce in jira gurbin karatu, ni kuwa na riga na sami sana'a. A gida nakan ce na tafi Harami. Wa zai hana 'yarsa zuwa Harami?

Yadda nake yi ke nan. Baƙar abaya, baƙin niƙabi, irin na kowa. A cikin taro ko uwar da ta haife ni ba za ta ware ni ba. In tsaya kusa da ayarin mata in saurara. Idan na ji "me" na san inda suka fito, idan na ji "mi" da "ɗiya" na san wasu ne daban, na Nijar ma ina gane su. Sai in jira tsohuwar da ta sake daga ayari. In gaishe ta da irin bakin garinsu. Shi ke nan. Ban taɓa fizge wa kowa jaka ba. Da hannunsu suke cirewa su ba ni. Har alfahari nake yi da wannan a raina, in ce ni ba irin ɓarayin nan ba ce masu yankan aljihu.

Ranar da na haɗu da Hajiya Tabawa bayan Azahar ne, cikin zafin nan da ƙasa take ƙona ƙafa ta cikin takalmi. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, da zane a kumatu, da lalle baƙi ƙirin a tafin hannu, da sanda. Tana tsaye tana duban ƙofofin Harami ɗaya bayan ɗaya, duk iri ɗaya suke a idonta. Na ji tana cewa a hankali, "Mi na yi haka, ni Tabawa?"

Na ce, "Sannu Inna. Mi ya faru, kin ɓace wa mutanenki?"

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Ikon Allah! Ɗiyar wa ce ke? Balarabiya da bakin gidanmu?"

Na ce iyayena 'yan can ne, a nan muke zaune. Na ce zan kai ta masauki.

Ta kama gefen abayata muka fara tafiya. Ba ta yi shiru ko na minti ɗaya ba. "Ke wannan baƙin zane a wannan rana, ba ki dahu ba a ciki? In an buɗe ki ai sai a ci da yaji." Ta tambaye ni ko na yi aure, na ce a'a. Ta ce, "To na yi wa Habu kamu. Jikana ne, direba. Ba shi da aibu sai kunnuwa, kamar an kafa masa faifai biyu. Amma ke ai ba a san naki ba, kin ɓoye." Na yi dariya, dariyar gaske. Wannan ma yana cikin abin da yake damuna yanzu.

Ta ce gobe da safe ayarinsu zai shiga ziyara. "Ina da saƙo, ɗiyata. Gari guda suka ɗora mini. Kwana uku kafin in taso ba a bar ni na runtsa ba, kowa da nasa." Na ce to, to. Ban saurara ba. Idona yana kan igiyar jakar da ta rataya a wuya ta ƙarƙashin hijabi.

Na bi da ita ta bayan manyan masaukai, inda gine-ginen suke kama da juna, ba masu wucewa sosai a wannan lokacin. Akwai wani bango da yake da 'yar siririyar inuwa. Na zaunar da ita. Na ce ta kawo jakar in kai wa askari, mai tsaron wurin, katin masauki ya karanta, ya nuna mana hanya. Katin da ake rataya musu a wuya ta riga ta cusa shi a jakar, wai igiyarsa tana cizonta. Ta cire jakar ta ba ni. Ta kwance bakin zanenta ta ɗauko ɓarin goro ta sa mini a hannu.

"Yi maza, ɗiyata. Inuwar nan ba zama za ta yi ba."

Ni 'yar garin ce. Na san bangon nan. Na san kafin awa ɗaya ba sauran inuwa a gindinsa. Na sani lokacin da nake zaunar da ita, ba daga baya na tuna ba.

A banɗakin wani kanti na buɗe jakar. 'Yar jakar kuɗi, ƙaramar waya mai madannai, ƙwayoyin magani kala uku a ƙulle cikin leda, katin masauki, da wata takarda a ninke. Na ɗauki kuɗin da wayar. Maganin da katin na watsa su a kwandon shara. Takardar ma na ɗaga hannu zan jefa, sai na ga Bisimilla a samanta. Na fasa. Ku dubi irin hankalina: na bar tsohuwa a rana ba magani, ba kati, ba ta jin Larabci ko kalma ɗaya, amma ina jin tsoron jefa sunan Allah a shara. Haka aka tarbiyyantar da mu, ko a titi muka ga takarda mai sunan Allah sai mun ɗauke ta. Na sa ta a aljihu. A gida na duba, haruffan Larabci ne amma ba Larabci ba ne, ɗigon ma a wasu wurare yake. Na ɗauka laya ce. Na cusa ta cikin littafin zanena.

Bayan kwana biyu, da hantsi, na shigo ɗaki na tarar da Kaka zaune a kan darduma da tabarau a hanci, takardar a hannunta. Tana kakkaɓe littattafan nan da ta tsana ne ta faɗo. Kaka ta koyi ajami a wurin mahaifinta. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Zauna." Ta fara karantawa a fili, a hankali, tana bi da yatsa.

"Gaisuwa zuwa ga Manzon Allah, ta hannun Tabawa. Daga Malam Idi liman. Daga Uwani mai daddawa, ita da 'ya'yanta. Daga Sale maƙeri. Daga Dije, a madadin ɗanta da bai dawo ba. Daga Sa'a makauniya, ta ce a faɗa masa ta so zuwa."

Haka ta yi ta yi har bayan takardar. Al'ada ce, mu ma mun san ta: mai zuwa Madina, waɗanda ba su da halin zuwa sukan ba shi amanar sallama, ya tsaya ya ambaci sunan kowa. Tsohuwar ba za ta iya riƙe sunayen duka a ka ba, shi ne liman ya rubuta mata, ko ta sami mai karanta mata a wurin. A can ƙasa an sa lambar waya da biro, an rubuta: idan an tsinta a kira Habu.

Kaka ta cire tabarau. "Ina mai ita?"

Na ce da Larabci a ƙasa na tsinta.

"Amsa mini da Hausa. Wadda aka ɗora wa wannan ba ta yar da shi a ƙasa. Ba kuma ta sakar wa kowa sai wanda ya yi mata magana da harshen uwarta. Ni na sa miki harshen nan a baki. Ina mai ita?"

Na faɗa mata. Ba duka ba, amma ta gane sauran. Ba ta yi ihu ba, ba ta kira Baba ba. Ta ce in tashi yanzu in mayar. Na ce shi ke nan, gobe. Ta ce yanzu. Na fita na yi yawona na dawo. Sai washegari na je, don na riƙe sunan masaukin tun da na karanta katin.

Na tarar ayarin ya wuce Makka da safen nan. Wata mai shara, mutumiyar Nijar, ita na tambaya. Ta ce, "Wata 'yar tsohuwa mai sanda? Ai an sha nemanta. An tsince ta bayan La'asar a gindin wani bango, rana ta buge ta, ba ta magana. Ba kati, ba komai, ba a san ko wace ce ba. Sai shekaranjiya jami'ansu suka gano ta a asibiti."

Na ce, "Ta tashi?"

"Oho. Mota dai ta tafi ba da ita ba. Ke 'yarta ce?"

Na juya na fita. Ban je asibitin ba. Tsoro nake ji a kama ni, kuma tsoro nake ji in ga gadon ba kowa. Na dawo gida na ajiye wa Kaka takardar a cinya, na ce, "Ke da kike zuwa kullum, ki kai musu gaisuwar, a huta."

Ta ce, "Ba ni aka ba wa ba. Ke ma ba a ba ki ba, amma ke kika ɗauka. Tana wuyanki." Ta ninke ta, ta sa a cikin gwangwanin da take ajiye allura da zare. Daga ranar ba ta ƙara yi mini Hausa ba. Da Larabcinta mai kaushi take ce mini in miƙo ruwa.

Za ku so in ce a nan na tuba. Ban tuba ba. Sati biyu na yi a gida, na koma. Sai dai aikin ya daina daɗi. Duk tsohuwar da ta ce mini 'yata sai in ji muryar waccan. Sau ɗaya ina riƙe da hannun wata Bakanuwa na kira ta Hajiya Tabawa, ta ce wace ce haka. Na daina bin bayan masaukan nan, ko da hanya ta fi kusa. Goro kuwa ko warinsa na ji sai in bar wurin.

A shekara ta gaba aka kama ni. Na karɓi jakar wata tsohuwa a bakin matakalar wurin alwala, ban lura 'yarta tana bayanmu ba. Ta damƙe mini wuyan hannu ta kwarara ihu, "Ɓarauniya! Da Hausarta fa, jama'a, da Hausarta!" Mata masu gadi suka shigar da ni wani ɗaki, ɗaya ta ɗage mini niƙabi. Ashe an daɗe ana kawo ƙarar mai baƙar abaya mai jin Hausa. Baba ya zo da rigar aikinsa, ko canzawa bai yi ba. Bai dube ni ba. Ya tambayi jami'in inda zai sa hannu, ya sa, ya fita. Alƙali ya yanke mini ɗauri. Na amsa duk abin da aka tambaye ni. Maganar Hajiya Tabawa ba wanda ya tambaya, ni ma ban faɗa ba.

Ba zan ba ku dogon labarin kurkuku ba. Ƙofa ce da ba ke kike buɗe ta ba, da abinci a lokacin da wani ya ga dama, da kwanaki masu kama da juna. Abin da ya fi cina shi ne farfajiyar da ake fitar da mu. Tana da bango, bangon yana da inuwa, inuwar tana janyewa. Sai in zauna ina kallonta tana matsowa, ta bar yatsun ƙafata, ta bar gwiwata. In ce yanzu ne ta fara leƙen hanya. Yanzu ne ta ce wataƙila askarin ne ya tsare ɗiyar nan. Yanzu ne ta so ta tashi, sai ta ce idan na tashi ta dawo ba ta same ni ba fa? Na tabbata abin da ya zaunar da ita ke nan. Tana da sanda, tana da ƙafa, masaukai ga su nan da sanyi a ciki. Ni take jira.

Sunayen kuma suka dawo. Sau ɗaya na ji Kaka ta karanta su, amma suka fito ɗaya bayan ɗaya kamar an bi ni da su. Wata dattijuwa 'yar Chadi da muke ɗaki ɗaya ta ce mini wata rana lokacin ƙailula, "Ke bint, yarinya, wace ce Sa'a? Kullum sai kin kira ta. Ta so zuwa ina?" Na ce ba kowa.

A shekarata ta biyu Umma ta zo ziyara ta gaya mini Kaka ta rasu, an kai ta Baƙi'a. Ta ce har ƙarshe ba ta yi maganata ba, sai dai ta ce a ajiye mini gwangwanin ɗinkinta. Umma ta ɗauka so take in koyi ɗinki.

Da aka sake ni na dawo ɗakin Kaka. Takardar tana nan cikin gwangwanin. Sati na farko na nemi kashi biyun nan a waya na sake kalla. Ba na mararraba nake nema ba, tsohon nake nema. Na kalli kashi na uku, na huɗu, na yi ta tsallakawa gaba. Ba su koma kansa ba. Na ɗauko littafin na duba; zanensa na ƙarshe yana zaune a gindin bishiya, ya ɗaga hannu yana cewa a yi maza. Shi ke nan. Shekara da shekaru ina kallon abin nan ban taɓa tambaya ba. Wanda ya zana labarin ya bar shi a can don labarin ba nasa ba ne. Ni ma haka na koyi kallon mutane: idan na juya baya, an sa kiɗa, an wuce. Ba a wucewa. Mutumin yana nan zaune inda kika bar shi.

Yanzu ina zuwa karatu Azizya wurin Malama Rabi. Mijinta ɗalibi ne daga Najeriya a jami'ar Musulunci, ita kuma tana koyar da mata a falonta. Ita ta koya mini rubuta Hausa da boko. Watan jiya, bayan sauran sun tafi, na ajiye mata takardar na faɗa mata komai, har inuwar. Na ce na yanke shawara zan nemi izinin ziyara, in shiga, in karanta sunayen nan kaf, in sauke.

Ta karanta har ƙasa. Ta ce, "Ki kai, ya kamata. Amma kin zaɓi mai sauƙin ne, ƙanwata. A can ba wanda zai zage ki. Wannan lambar fa?"

Na ce, "Idan ta mutu fa?"

"To mutanenta suna da haƙƙin su san yadda ta mutu. Wataƙila har yau cewa suke yi ruɗewar tsufa ce ta sa ta yar da jakarta. Idan kuma tana raye, tana da haƙƙin ta tsine miki ko ta yafe. Ke kin riƙe mata duka biyun."

Na ce, "Malama, ke dai ba ki da tausayi."

Ta ce, "Ina da shi. Na tsohuwar ne, bai kai kanki ba tukuna. Sha shayinki."

Na yi fushi na tafi, sati biyu ban koma ba. Amma gaskiya ta faɗa. Na san da lambar nan tun ranar da Kaka ta karanta takardar. Duk abin da yake hana ni sukuni, amsarsa tana bayan kira ɗaya. Ban kira ba ne don muddin ban sani ba, ina iya ce wa kaina ta warke ta koma gida tana ba jikoki labari.

Ku yara, musamman mu na nan da aka haifa da harshe biyu, ga abin da zan ce, ba tsawo. Ba a fara da jakar kuɗi, da kwalbar turare ake farawa, wadda ba ku ma so. Idan baƙo ya ji harshen gidansu a bakinku ya saki jiki, ku ji tsoron wannan sakin jikin, ya fi duk abin da yake cikin jakarsa nauyi. Ku kalli kartun ɗinku, ban hana ba. Amma idan kuka ga mai wayo ya burge ku, ku tsayar da hoton ku tambayi kanku ina wanda ya bari a baya. Na tuba ga Allah, ina fatan ya karɓa. Sai dai haƙƙin mutum ba a biyansa da kuka a kan darduma. Na gwada, shekara uku.

Na koma wurin Malama jiya. Mun tsayar da ranar Asabar bayan La'asar, a falonta, da wayata, ba tata ba. Idan lambar ta daina aiki, mijinta ya san ɗalibai daga wannan yankin, za mu bi ta sunan liman har a sami garin. Idan Habu ya ɗauka ba zan gaishe shi da bakin garinsu ba, da tawa Hausar ta Madina zan yi, mai gauraye. Zan faɗi sunana da na mahaifina. Zan ce ni ce na zaunar da kakarsa a gindin bango na tafi da jakarta, kuma takardarsu tana hannuna, gaisuwar ba ta isa ba. Sannan in tambaye shi ko tana raye, in riƙe wayar a kunne har ya gama duk abin da zai ce.